Mma Fulera da Allurar Oktoba

Duk wanda ya ce tsohuwa ba ta iya ƙulla dabara, bai zauna da Mma Fulera ba. Dabara kam tana da ita buhu-buhu. Sa'a ce ta yi mata ƙaranci.

'Yar Kumasi ce, haifaffiyar zango, can wajen Aboabo inda uwarta ke sayar da koko da ƙosai. Ta biyo mijinta Iddrisu zuwa Manchester da sauran ƙuruciyarta, ta share ofisoshin Turawa har gwiwoyinta suka koyi magana, ta binne mijin, ta aurar da ɗa guda da Allah ya ba ta. Daga baya council, wato hukumar gari, ta ba ta ɗan flat a Levenshulme, a ƙasa, bayan Stockport Road. Ɗaki ɗaya ne da falo, sai kicin wanda in mai ƙiba ta shiga sai ta fito da baya. Amma nata ne. In ta ga dama ta soya kifi da hantsi ta bar ƙaurin ya kwana. In ta ga dama ta kunna wa'azi, in malamin ya cika ja ta katse shi a tsakiyar magana, ba mai ce mata don me.

Ɗan nata Kamaldeen yana Birmingham, unguwar Aston, yana tuƙa bas. Shi ne ɗan fari, shi ne kuma auta, don haka tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Da "wannan yaron" take ce masa, da ya sami aiki ya zama "Direba". Alkunyar ɗan fari ta taho da ita daga Kumasi a ƙasan akwati, kuma cikin kayanta duka ita kaɗai ce sanyin Ingila bai lalata ba. Ba ta duban idonsa ta nemi abu. Ba ta ce masa ta gaji. Sai dai ta zagaya ta ajiye magana a inda zai yi tuntuɓe da ita. Shi kuwa Allah ya yi shi mutumin kirki, mai dogon taku, yana tsallake magana bai ma gan ta ba.

Da matarsa Mubarika ta haifi ta biyu, Yusra, a ƙarshen hunturu, uwar Mubarika tana Tamale, biza ta ƙi samuwa. Mma Fulera ce ta ɗaure kaya ta tafi zaman jego. Ta miƙa wa maƙwabciyarta Sadiatu tukunyar na'ana'ar da take shukawa a taga, ta ce, "Riƙe mini, ana yin arba'in zan dawo."

Aka yi arba'in. Aka ce ta ƙara haƙuri yarinya ta yi ƙwari. Yarinya ta yi ƙwari, sai Mubarika ta koma aikinta a gidan kula da tsofaffi, yau shift ɗin safe gobe na yamma. Tana can tana lallashin tsofaffin wasu su ci abinci, tata tsohuwar tana gida tana goyo. Aka sa Mma Fulera a ɗan ɗakin sama, irin wanda Turawa ke jibge kwalaye a ciki, taga tana kallon bangon maƙwabta. Ba wanda ya taɓa ɗaga mata murya. Safe "sannu Mma", yamma "Allah ya bar mana ke, Mma". Ɗaurin da aka yi da sannu ya fi na igiya wuyar kwancewa. Kuma ba hanya ce ta gagare ta ba, matar da ta ƙetare teku ba za ta ɓace tsakanin Birmingham da Manchester ba. In ta sa ƙafa a waje, wa zai riƙe Yusra, wa zai ɗauko babbar, Habibatu, daga nursery, makarantar renon yara? Makullin flat ɗinta dai yana ƙulle a bakin zanenta. In ta zauna salla takan ji shi yana tokarin cinyarta.

Wata ranar Satumba ana cin tuwo, Direba ya ce, "Mma, flat ɗin nan fa yana zaune ba kowa, council ba sa son haka. Me zai hana mu mayar musu da makulli, mu dawo miki da GP ɗinki, wato likitanki, nan kusa? Kin huta."

Mma Fulera ta ce, "Miyar nan ta ji gishiri kuwa?"

Ya ce ta ji. Ya ɗauka an gama magana. Ita kuwa ta kwana da hannu a kan ƙullin makullinta.

Sai ga saƙo ya shigo wayarta daga GP na Levenshulme, wai lokacin allurar flu ya yi. Ita da allurar nan ba wasa. Shekaru uku da suka wuce murar nan mai kayar da mutum ta kwantar da ita a asibiti, da robar iska a hanci, ƙirji kamar an ɗora masa turmi. Tun daga nan ba ta bari Oktoba ya wuce ba a soka mata ba, don ta shekarar bara ba ta tsare mutum bana. Ranar ma wata 'yar salla ce ga tsofaffin unguwar. Ita da Sadiatu sukan ci ado kamar masu zuwa suna, su bi layi ranar Asabar, a soka musu, su wuce shan shayi suna lissafa wadda ta rame da wadda ta ƙara haƙorin roba.

Ta dubi saƙon, ta ji zuciyarta ta yi fari. Ga ƙofa Allah ya buɗe. Ba ita ta ce za ta tafi ba, likita ne ya kira. In kuwa ƙafarta ta taka Levenshulme, ko da katafila aka zo ba a ɗaga ta.

Da yamma ta tsaya a kicin ta gaya wa tukunya, yadda Direba zai ji daga falo. "Mutanen GP sun aiko. Wai allura."

Mubarika ce ta amsa, tana cire takalmin aiki. "Ai ba sai kin sha wahalar Manchester ba, Mma. Duk wanda ya kai sittin da biyar kyauta ake yi masa, kuma ba dole sai wajen GP ba. Kemis ɗin bakin titin nan ma suna yi, su za su sanar da GP ɗinki."

Mma Fulera ta juyo a hankali. Yarinyar nan ba ta da mugun nufi ko kaɗan, shi ya sa abin ya fi ciwo.

"Wa ya gaya miki na kai sittin da biyar?"

"Haba Mma, ɗanki ma furfura ta fara leƙo masa."

"Wannan ta gado ce, daga ubansa. Ni dai jikina bai saba da hannun Birmingham ba. Nas ɗin can ta san inda take soka ni."

Direba ya leƙo da fara'arsa. "A bar Mma ta yi inda ranta ke so. In na sami hutu cikin Disamba sai in kai ki da mota, a yi miki, mu juyo a ranar."

Mu juyo a ranar. Ta haƙa rami don ta fita, an leƙo an ce mata ramin ya yi kyau, a bar shi haka. Amma ba ta saki ba. Ta ce a ranta Disamba ma wata ne, in ta shiga flat ɗin ta murza makulli ta ciki, ya ƙwanƙwasa har ya gaji.

Oktoba ya shige. Sadiatu ta bugo waya.

"Mun yi tamu tun makon farko. An yi ta tambayarki, na ce kin yi aure a Birmingham."

"Da wannan gwiwar? Sai dai ya aure ni ya goya."

"Wa ya sani, tsofaffin can ko ba su da zaɓe. Na'ana'arki ta mutu fa, na sayo wata na dasa don kada ki dawo ki yi mini kuka."

"Kin kashe ta dai, mai baƙin hannu."

Sadiatu ta bar dariya. "Fulera, ki yi allurar nan ko a ina ne. Kin manta yadda muka kwashe ki kamar wanki? Mura ba ta jiran hutun ɗanki."

"Na ji."

"Ba ki ji ba. Na san jinki."

Cikin Nuwamba ruwan nan nasu mai ratsa ƙashi ya kankama, duhu yana rufawa tun ana la'asar. Mubarika ta dawo ta ce flu ya shiga wurin aikinsu, an kai tsofaffi biyu asibiti. Ba a jima ba Habibatu ta dawo daga nursery tana tari, jiki kamar garwashi, ta nufi cinyar kakarta ta kwanta, don nan ne asibitinta. Mma Fulera ta riƙe ta tana shafa mata kai, tarin yana sauka a fuskarta. Ta tuna turmin nan a ƙirji. Ta tuna silin ɗin asibiti, da yadda ta so ta ce a ba ta ruwa numfashi ya ƙi kai maganar. Wadda ke son komawa ɗakinta sai da rai za ta koma. Amma in aka soka mata a Aston, da wane baki za ta sake ambaton Manchester?

Ta yi kwanaki tana auna abin. Da jikin Habibatu ya yi sauƙi ta koma nursery, Mma Fulera ta sa Yusra a keken jarirai, ta ɗora rigar sanyi a kan mayafi, ta tura har kemis.

Mai kemis ɗin wata Tabitha ce, haihuwar Birmingham, iyayenta mutanen Jos. Hausarta tana ɗingishi amma tana kaiwa. Ta shigar da ita wani ɗan ɗaki a gefe.

"Sannu Mama. Akwai zazzaɓi yau?"

"Babu."

"To madalla, da akwai sai mu jira ya sauka. Da kin zo tun Oktoba ya fi, don jiki yana ɗaukar kamar mako biyu kafin ya shirya. Amma bai ɓaci ba, gara yau da gobe."

Mma Fulera ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "'Yar nan, in wani direban bas ya zo ya tambaye ki, ba za ki ce masa allurarku ta ƙare ba? Ki ce sai Manchester."

Tabitha ta fara dariya, ta ga fuskar tsohuwar, ta haɗiye sauran. "Ba zan iya ba, Mama. Firij ɗinmu cike yake."

"Iyayenki sun cuce ki da tarbiyya."

"Haka suke faɗa. Me ke Manchester ɗin?"

"Ƙofata."

Tabitha ta ɗauko allurar. Ta jira. Mma Fulera ta dubi Yusra da ke barci baki buɗe, ta ja dogon numfashi, ta naɗe hannun riga. Kafin ta kai ƙarshen bisimilla an gama.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Hannun zai iya yin tsami kwana ɗaya ko biyu."

"Hannunki da sauƙi," in ji ta, kamar mai kai ƙara. Ta so a ce ya yi zafi, ko ta sami abin faɗa.

Bayan magariba Direba ya ji labari, ya yi ta murna kamar shi aka yi wa. "Kin gani, Mma? Komai akwai a nan. Saura mu canza GP, sai makullin nan mu miƙa musu."

Yanzu babu likitan da za ta ɓuya a bayansa, babu tukunya a kusa. Yusra ce a cinyarta. Ta ɗaga yarinyar ta tsayar da ita, ta dube ta ido da ido.

"Ƙawata, gaya wa ubanki. Hannu na ba su, sun soka. Makulli kuwa, sai ranar da masu wankan gawa suka kwance shi daga zanena."

Karo na farko a rayuwarsa dogon takun Direba ya gaza, ya yi tuntuɓe da maganar uwarsa. Ya ajiye cokali.

"Mma, komawa kike son yi?"

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ce tsakaninta da ita. Ta ɗago kai, ba wajensa ba, don wannan ba ta taɓa yi ba. Idonta ya sauka kan Mubarika, tana tsaye bakin kicin da rigar aiki, idanu sun faɗa, ta daina tauna abin da ke bakinta. Yusra kuma ta damƙe mata ɗan yatsa tana ƙoƙarin kai shi baki.

"Ni na ce komawa?" in ji Mma Fulera. "Makulli na ce."

Direba ya ture kwanon tuwonsa gefe. "To makulli yana wurinki, GP ma a bar shi yadda yake. Bari sanyi ya wuce, mu ga yadda za a yi da nursery."

Bari sanyi ya wuce, a ƙasar da sanyi ba ya wucewa, sai dai ya zagaya bayan gida ya dawo.

Ta miƙa yarinyar ga uwarta, ta kama ƙarfen bene ta hau, gwiwa tana faɗin albarkacin bakinta a kowace matakala. Hannun ya fara tsami kamar yadda aka ce. Ta zauna bakin gado tana fuskantar bangon maƙwabta, ta laluba bakin zane ta ƙara wa ƙullin ƙarfi, sannan ta kira Sadiatu.

"An yi."

"A ina?"

"A inda aka ga dama. Ki ci gaba da zuba wa na'ana'ar nan ruwa."

"Har yaushe?"

"Ke dai zuba."