Mama Saloma Mai Musanyar Fegi

Kafin matan unguwa su gama hura wuta, Mama Saloma ta riga ta sauka bakin rafi, fartanya a kafaɗa, tsohuwar rariya a ka. Ba ta fara ban ruwa sai ta zaga lambun tana leƙen ƙasa kamar mai neman allura. In ta hango wani siririn ganye ya tsiro a tsakanin albasa, sai ta durƙusa ta bi shi da yatsa har ta ciro ƙwayar da ke gindinsa, ta jefa a gwangwani. Haka mutanen Zuru suka san ta tun shigowar shekara ta dubu biyu. Bana gwiwa ta ce ta gaji, don haka gara a yi yabon tun tana ji da kunnenta.

Lambun na matan unguwa ne, Kirista da Musulmi, kowace da feginta. Yawancinsu matan soja ne. Wasu mazan suna bariki mai nisa, wasu sun tafi Saliyo ba su dawo ba. A nan ake samun miya, a nan ake samun na kaiwa kasuwa. Sai aya-aya ta shigo, wasu suka ce a taki ta zo, wasu suka ce ambaliya ce ta kawo ta. Muguwar ciyawa ce, ganyenta ba komai ba ne, tsiyar tana ƙasa: ƙwayoyi kamar ƙananan aya, jere a jikin saiwa mai kama da zare. Ta shaƙe albasa, ta hana alayyafo sakat.

Da abin ya ishe su, matan suka yi abin da duk ɗan Zuru zai yi: suka gayyato samarin golmo, masu noman neman aure. Su kuwa nema suke a ga ƙarfinsu. Suka zo da garma da kiɗa, kowa yana son ya riga ɗan'uwansa fita kunya. Mama Saloma kaɗai ta tsaya a bakin feginta ta hana. Ta ce garma tsinka zaren za ta yi, kuma duk ƙwayar da aka raba da uwarta sai ta kafa nata gidan. Aka yi mata dariya, don wa zai ce wa saurayin Zuru ya yi noma a hankali? Kafin azahar lambu ya yi fes. Ana ba shi ruwa, aya-aya ta fito kamar gashin kai, har inda da babu ita. An yi gudun gara an tadda zago.

Maƙwabcinta Philip ya ce a bari ya sako aladunsa su tone ƙwayoyin su cinye, aikin mako guda ne. Ta san gaskiya ya faɗa, amma ta ƙi. Ta ce su Bushira, maƙwabtanta Musulmi, su ma a ƙasar nan suke ci, ba za ta kashe ciyawa ta kashe zumunci ba.

Wadda abin ya fi taɓawa ita ce Keziah, yarinya ce da mijinta ya kwanta dama a Saliyo ya bar ta da yara ƙanana. Feginta ne a gangare, can ruwa ya tara ƙwayoyin. Ta yi shuka ta sake, ba ta tsinci ko na miya ba. Ranar nan ta zo ta yi wa Mama sallama: za ta raba yaran ga dangi a Ribah, ita ta tafi Kontagora aikatau. Mama Saloma ta dubi nata fegin, wanda garma ba ta taɓa ba, wanda ta daɗe tana tankaɗewa da hannu.

"Ɗiyata, ɗauki nawa, ki ba ni naki."

"Mama, ke kuma mi za ki ci?"

"Ni bakina ɗaya ne. Ke naki nawa?"

Keziah ta fashe da kuka, kuma ba ta tafi ba.

Waɗanda suka ga aikin da Mama ta yi a fegin gangaren nan har yau suna ba da labari. Ta yanke masa ruwa duk tsawon bazara. Ta haƙa zurfin kamu, tana zuba ƙasar a rariya tana tankaɗewa kamar garin tuwo. Ƙwayoyin da suka rage a sama ta shanya su a kan dutse, suka bushe, ta ƙone. Da damina ta sauka ta rufe wurin da dankali, don aya-aya ba ta jure inuwa. Shekarar nan kuka da busasshiyar kuɓewa ta sha, ba a ji ta yi ƙorafi ba. Fegin ya warke, kowa ya ce to, yanzu za ta huta ta ci guminta. Ina! Sai ta je wurin Bushira ta ce su yi musanya.

Ke ce wadda shekara da shekaru ba ki ci daga fegi mai lafiya ba, Mama. Kina gyarawa kina bayarwa, kina karɓar mai ciwo. Mai rariya maganin mai gaggawa! Ba za mu ce ba ki da faɗa ba, don duk wadda kika kama ta zuba cirarriyar ciyawa a hanyar ruwa, ko ta shigo da takin da ba ki duba ba, ta san bakinki ba ya da linzami. Amma wadda kika yi wa faɗa da safe, ita kike taya tankaɗe da yamma.

Bana fegi ɗaya ya rage da aya-aya a duk lambun, kuma a hannunta yake. A nan gwiwa ta ƙi durƙuso. Abin ya dame ta ƙwarai, ta ce kunya ce ta ajiye fartanya ta bar wa mutane irin aya-aya. Wata safiya ta dogara sanda ta sauko, sai ta tarar da matan lambun a durƙushe cikin feginta, kowace da rariyar ɗakin girkinta, Keziah a gaba. Ta buɗe baki za ta fara gyara musu riƙo, Keziah ta shimfiɗa mata tabarma a gindin mangwaro.

"Zauna, Mama. Wannan ba na musanya ba ne."

Mun gode, Mama Saloma. Yaran Keziah sun girma a ɗaki ɗaya saboda ke, kuma Allah ne kaɗai zai biya ki. Mu da muka rage, duk wanda ya ga fegin maƙwabci ya gagara, kada ya tsaya a bakin kunya yana ba da shawara. Ya ɗauko rariya ya durƙusa. Albasar da ke fegin nan yanzu ta fara kai, kuma matan sun rantse ba mai taɓa ko ɗaya sai Mama ta ci ta farko.