Baƙon da Ya Zo Neman Alƙaliya

Mun daɗe da tarewa a Mitchellville kafin na san cewa dattijuwar da ke shuka tumatir a maƙwabtanmu alƙaliya ce a kotun ƙoli ta jihar Maryland. Baƙar fata ce 'yar ƙasa, a gonar taba ta tashi. Ta kan shinge ta ba ni labarin yadda ta fara da kare waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya, aka naɗa ta alƙalanci, daga baya aka kai ta sama.

Wata Asabar bayan azahar, maigidana yana asibiti wurin aiki, ina soya albasa, aka danna ƙararrawa. Na yafa mayafi na buɗe. Wani dogon mutum ne, ga zafi ana zubawa amma da rigar sanyi a jikinsa, hannunsa na dama cuse a aljihu.

"Wanne ne gidan alƙaliyar?" ya ce.

Ba ni yake kallo ba, cikin falona yake leƙe. Aljihun ya rinjaya ƙasa saboda nauyin abin da ke ciki.

"Ban san ta ba. Mu baƙi ne," na ce, ina karya Turancina da gangan.

"Ta raba ni da 'ya'yana," in ji shi, a hankali. "Ki tuna da kyau."

Na ce girkina zai ƙone, na tura ƙofa na murza makulli. Da sauri na kai ga waya, ina ta innalillahi. Sai na tuna alƙaliyar tana bayan gidanta wurin shukarta. Na kira ta, wayar ta yi ta ringi kamar ba za a ɗauka ba.

"Ki shiga ciki ki kulle! Akwai mai neman ki!"

Ba ta tambaye ni komai ba. Na ji ƙarar rufe ƙofa, sannan na kira 'yan sanda. A bakin titinmu suka same shi zaune a mota, da bindiga. Ashe ƙara ya ɗaukaka kan riƙon 'ya'yansa, ita ta rubuta hukuncin da bai yi masa daɗi ba.

Washegari ta shigo kicin ɗina. Na zuba mata shayi.

"Ranki ya daɗe, ki huta da aikin nan mana," na ce.

"Maƙwabciya, tun ina ƙaramar kotu nake jin tsoro," ta ce. "Litinin muna da zama."

Ta kuwa tafi, motar 'yan sanda na biye da ita. Ni ce na kasa zama, na kwashi kayana na yi makonni gidan ƙanwata a Lanham.