Hular Yaya Haladu da na yanke

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Haladu mai hoto na Agege, Allah ya jiƙansa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar fuskokin jama'a, shi kansa hoto ɗaya tak ya bar mana, in ka cire na katin shaida da ya koɗe. Ni na ɗauki wannan ɗayan, kuma na yanke masa hula. Yanzu 'yarsa Bilkisu tana so a gyara hoton da waya, a ƙara masa hular, kafin ta rataye shi a falonta. Ta ce sai na yarda, tunda ni ne uban da ya rage mata.

Ni mahauci ne, ban san komai a harkar hoto ba sai abin da Yaya ya cusa mini da ƙarfin tsiya. Kyamararsa irin ta da ce, ƙarama, baƙa, mai tagogi biyu a goshi. In ka leƙa ta baya, akwai wani ɗan fili a tsakiya inda za ka ga mutum ya rabu biyu. Sai ka riƙa juya zoben gaba a hankali har biyun su haɗe su zama ɗaya, sannan ka danna. Yaya yakan yi haka kafin ka gama gyara wuyan riga, ido ɗaya a taga, ɗayan a buɗe yana kallon wanda zai ɗauka, yana jansa da hira.

Amma kyamarar tana da wani hali. Tagar leƙen tana sama da idon da ke ɗaukar hoton, saboda haka in ka matso kusa, abin da kake gani a sama ba duka yake shiga ba. Masu ƙera ta sun sa wani ɗan layi a ciki don gargaɗi, sai dai ba su yi lissafi da tsayin huluna irin su kube da zanna ba. Fatake da mahauta kuwa, da samarin da ke sauke tumatir a kasuwar Mile 12, ba wanda ke zuwa wurin Yaya ba tare da hularsa ta Sallah ba, domin hoton gida za a aika, a ga Ikko ta karɓe shi. Wasu masu hoton sun sha zagi a kan rabin hula. Yaya bai taɓa yanke ta kowa ba, kuma har gobe ina alfahari da wannan. Yakan ce, “Idonka da idon kyamara maƙwabta ne, ba ɗaki ɗaya suke kwana ba. Ka bar wa hula wurinta.”

Da yana raye yau, na san zai ji daɗin yadda yaro zai ɗauki kansa hoto da waya a bakin motar danfo, uwarsa ta gani a ƙauye kafin ya sauka. Shi sai a yi sati uku hoto na hanya a aljihun direba. Abin da ba zai yafe ba shi ne a ɗauki hamsin a zaɓi ɗaya. A wurinsa wannan rashin kallon mutum ne.

Da yanar ido ta fara rage masa gani, ya daina gane lokacin da biyun suke haɗewa. Na ce ya riƙa ƙiyasta nisan, ai hannunsa ya saba. Ya ce ba zai karɓi amanar fuskar mutum da wataƙila ba. Ranar da zai rufe shago, saura hoto ɗaya a fim. Ya sa hularsa mafi kyau, ya zauna a benci, ya miƙo mini kyamarar. Na matso, na juya zobe, gumi na zuba, har na ga Yaya biyu sun zama ɗaya. Murna ta sa na manta da ɗan layin. Shi kuwa daga yadda na riƙe ta ya gane. Ya ɗaga yatsa sama, ya buɗe baki zai ce in ɗaga, na danna.

Da aka wanko, fuska tar, har furfurar gemu ana ƙirgawa, hula kuwa saura yatsa biyu. Ya kai hoton daf da idonsa, ya yi ta dariya. “Mahauci dai mahauci ne,” in ji shi, “ko kyamara ka ba shi sai ya yanka.”

Jiya Bilkisu ta zo daga Ikeja da wayarta. “Baffa, abeg, don Allah, minti biyu ne fa. Kalar da kake so ma za ta saka. Yarana su ga kakansu cikakke.”

Na fahimce ta, kuma na ji kunyar aikina kamar ranar farko. Na daɗe ina kallon hoton. Shagon ya zama wurin cajin waya, hotunan da ya ɗauka sun watsu a akwatunan mutane daga nan har Arewa, ba sunansa a bayan ko ɗaya. Wannan kaɗai ne wurin da aka kama shi yana aikinsa, ido ya tafi amma yana ganin kuskure kafin a yi shi.

Na ce mata, “Ki bar shi haka. In yaranki suka tambayi ina hular, ki ce Baffa ne ya yanke. Sannan ki nuna musu yatsan, ki ce kakansu ya riga ya faɗa masa.”