Zakaran Fansar Jatau

Ranar Alhamis ɗin nan na tashi da kamammen yaƙi a zaurena, kuma kafin rana ta fito ya riga ya cinye mani rabin rumbu. Jatau ke nan, mutumin Tudun Aduwa, abokina tun muna kiwon awaki a bakin rafi ɗaya. In Jatau ya zauna gaban akushi, kaji ma barin gidan suke yi, don sun san ba abin da zai faɗo ƙasa.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. Garinmu Rafin Kanya da Tudun Aduwa, can tsakanin Kankia da Kusada, abokan wasa ne tun kakanni. Kowace kaka, in an gama sare dawa, sai mu yi yaƙin kara. Karan dawa ne mashi, faifai garkuwa, ƙunshin toka kuwa shi ne bindiga. Ni Sallau ni ne sarkin yaƙin garinmu. Na kashe mutanen Tudun Aduwa sun fi dubu, ko da yake duk garin in sun taru inuwar tsamiya guda ta ishe su, kuma kowace gawa tashi take yi ta kakkaɓe riga ta tafi sallar azahar.

Wanda aka kama, zaren kaba guda ake ɗaura mashi a ƙafa, a ɗaure a bakin zaure. Ɗan tsako ma zai iya tsinke shi. Amma in kamammen ya tsinke da kansa, garinsu ya ci kunya har shekara ta zagayo. In mai gidan ne ya kwance kafin a kawo fansa, nasa garin ne ya faɗi. Fansar kuwa farin zakara ne da ƙwaryar fura. Shi ya sa ake ta yi wa kamamme dabara: a yi ihun kura, a yi ihun gobara, a jefo igiya a ce maciji. An sha kama Jatau. Bai taɓa ko motsa ƙafar ba.

Ga abin da ba mu sani ba sai daga baya. Maigarinmu ya rasu da damina. Ɗansa Mati yana son rawani, gari kuwa yana son ƙanen mamacin, Baba Audu. Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a ƙasar ba, ba su son jin ganga ta yi yawa. Mati ya tafi wurin Baturen da ke rangadi, ya ce Baba Audu na tara mazan gari biyu da kiɗan yaƙi. A kan kiɗan dai bai yi ƙarya ba.

Da hantsi muka ji busa daga yamma. Ba ƙaho ba ne, ba algaita ba. Muka leƙa ta kan darni, sai ga mutane a jere, da jajayen huluna, suna taku ɗaya. Muka fashe da dariya. Muka ce kai, bana mutanen Tudun Aduwa sun yi dabara, har kayan soja suka aro! Bawa makaɗi ya ce wancan dogon na gaba surukinsa ne, ya gane tafiyarsa. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa Tudun Aduwa gabas take.

Bawa ya rataya ganga. Muka kwashi kara da toka muka fita da gudu, muna kururuwa. Baba Audu ma ya biyo mu da sandarsa, don ya ga wasa.

"Ku tsaya!" in ji na gaban.

Kowace shekara haka suke cewa. Ba mu tsaya ba.

"Ku zubar da makamai!"

Wani daga cikinmu ya jefa ƙunshin toka. Ya fashe a iska, fari fat.

Daga nan ba zan ƙara gishiri ba, don abin bai bar wurin ƙari ba.

Ƙarar farko kamar an fasa dutse a cikin kunnena. Ganga ta yi shiru a tsakiyar kiɗa. Bawa ya zauna a ƙasa, ya dubi cikinsa, ya kwanta. Ƙara ta biyu ta zo tare, da yawa. Na ga Baba Audu ya kifa a kan sandarsa. Na ga faifai ya tashi sama da rami a tsakiya. Har lokacin akwai wanda ke dariya a bayana, bai gane ba tukuna.

Muka juya. Mata suka fara ihu daga cikin gari. Kafin in kai gida an cinna wa darnin bakin gari wuta, ta kama rumbunan farko. Dawar da muka zuba makon jiya ta soma fashewa, tas, tas, ban iya rarrabe ta da bindiga ba. Na ce wa mai ɗakina ta ɗauki yara ta bi mata zuwa rafi. Na faɗa zaure.

Jatau na zaune, ya miƙe ƙafa, yana suɗe hannu.

"Tashi! Soja ne! Sun kashe Bawa!"

Ya dube ni ya yi dariya har da buga cinya. "Bara kura, bana soja. Ina zakarana, bawan gidanmu?"

"Wallahi Jatau, wallahi!"

"Har da hayaƙi kuka yi? Kun yi ƙoƙari. Ba ni tsinkewa."

Na durƙusa na sa haƙori na yanke kabar da kaina. A nan ne dariya ta bar fuskarsa. Ya san Sallau ba zai ba da garinsa a banza ba.

Mun yi latti. Muna fita ta bayan gida aka harbo daga lungu. Jatau ya ce, "Ash." Shi ke nan abin da ya ce. Harsashi ya same shi a ƙasan haƙarƙari. Na goya shi.

Gonaki a share suke tas. Mu da kanmu muka sare karan, muka tara don wasa, ba mu bar inda ɓera zai ɓuya ba. Na bi ta fili da ƙato a bayana, ina jin harsashi na wucewa da wani siririn kuka. Na faɗa cikin rafi, babu ruwa sai yashi. Na tarar da mutane sun rarrabu, wasu sun nufi wajen Fakuwa, wasu Kafinsoli. Na hango mai ɗakina da yara cikin na farko. Ban bi su ba. Kamamme gidansu ake mai da shi. Na yi gabas.

Rana ta take, na ajiye shi ƙarƙashin bishiyar marke, na tona yashi na samo ruwa na jiƙa mashi baki. Rigata ta manne da tasa. Bayanmu hayaƙi ya miƙe kamar ginshiƙi. Ba a ƙara jin bindiga ba, sai kukan jaki daga nesa, bai fasa ba.

Azahar ta wuce ban yi salla ba. Na sake goya shi. Da farko yana mani magana a kunne. Ya ce garinmu ya faɗi, ni na yanke, shi shaida ne. Na ce na ji. Ya ce in faɗa da bakina. Na faɗa. Ya ce furar nan ta fansa kada in sha ni kaɗai. Daga baya sai numfashi kawai nake ji a wuyana. Gab da la'asar na daina jin shi. Ban sauke shi na duba ba. Na ci gaba da tafiya, ina ba shi labarin wata kura da na taɓa kamawa da hannu.

Sai na ji kiɗa a gabana.

Mutanen Tudun Aduwa ne. Sun makara wurin neman farin zakara, iska kuma ta ɗauke masu ƙarar bindiga. Hayaƙin sun ɗauka ƙunar gona ce. Ga su nan tafe da kara da faifai, suna rawa, mata na guɗa a baya. Da suka gan ni goye da Jatau suka ɗauki ihu: Sallau ya zama jaki! Rafin Kanya ta faɗi! Suka kewaye ni suna watsa mani toka. Ina tsaye. Sai da wani ya ja ƙafar Jatau don ya sauko, ya ga jini a hannunsa, sannan gangarsu ma ta yi shiru.

An yi sulhu, ai kullum ana yi. Bayan mun binne namu aka tara mu gindin wata bishiya. Bature ya zauna kan kujera, tafinta ya tsaya. Aka kawo kara da faifai aka nuna mashi. Ya ɗauki kara guda ya karya a gwiwa, ya daɗe yana kallonsa. Tafinta ya ce an yi kuskure, amma mu ma da laifinmu, tunda an ce mu tsaya. Aka hana yaƙin kara har abada. Aka naɗa Mati, don ba sauran mai ja da shi. Aka ce kowa ya ce ya yafe. Muka ce mun yafe, sai ka ce makarantar allo. Muka koma muka tarar da toka, wannan karon mai yawa.

Ga waɗanda muka rasa: Bawa makaɗi. Baba Audu. 'Ya'yan maƙeri biyu. Wata tsohuwa da ba ta iya fita daga ɗaki ba. Jatau. Yanzu in mun haɗu da mutanen Tudun Aduwa a kasuwar Kankia, gaisawa muke yi da ladabi, kamar baƙi. Ba wanda ya ƙara kirana bawa.

Ranar da na je ta'aziyya, uwar Jatau, Inna Tabawa, ta fito da farin zakaran nan, ƙafafunsa a ɗaure. Na ce, "Inna, ba ni karɓa. Ni na yanke kabar."

Ta ce, "Ka maido mani shi gida ko ba ka maido ba? Karɓi, Sallau."

Na karɓa. Ban yanka shi ba. Ya zauna a gidana har ya tsufa ya daina cara, yana kwana a bakin zaure, yana cin dawata. Shi ma ba ya barin komai ya faɗo wa kaji.