Mu Tara, Hannatu ta Goma

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar ƙawata Hannatu, wadda aka binne a Kalgo, gindin wata tsamiya, bayan tsohon gidan likitan shanu. Na daɗe ina son in yi rubutu a kanta ina fasawa, saboda akwai maganar da dole sai na faɗa: Hannatu Bayahudiya ce. Na san wani mai karatu zai ajiye jaridar daga nan. To, ya ajiye. Ni dai tsufa ya cim mini, ƙafafuna sun fara ƙin tafiya, kuma ina tsoron in mutu babu wanda ya san inda take kwance.

Ni 'yar Gwandu ce. Aikin ungozoma na koya, kuma aure ne ya kai ni Kalgo tun kafin a sami mulkin kai, lokacin maigidana yana malamin En'e. A can na tarar da su, ita da mijinta, wanda gwamnati ta kawo don yi wa shanu allurar rigakafi. Sunayensu na can kusa suke da namu, shi ya sa Fulani suka mai da shi Likita Yusufu, ita kuma Hannatu. Aikin jinya ta yi a ƙasarsu kafin yaƙin duniya na biyu ya tarwatsa su. Ba wanda ya ɗauke ta aiki a Kalgo, amma kullum sai ta zo ɗakin shan magani ta ɗaura zane a kan rigarta ta kama mini. Cikin shekara guda ta iya Hausa irin ta mutanen Kabi, har da baƙar magana.

Ita da mijinta addininsu ɗaya, amma riƙonsu ya bambanta, kuma ba sa ɓoye hakan. Ranar Asabar ce ranar hutunsu ta ibada. Likita Yusufu ba ya hawa mota ran nan, ba ya kunna wuta, ko alƙalami ba ya taɓawa. Hannatu kuwa takan kunna fitilunta biyu da yammacin Juma'a, in kyandir ya ƙare ta sa aci-balbal, ta ce haske dai aka ce. In mace ta zo wanke miki ko awon ciki ran Asabar, sai ta fito. Tana yin rabin addu'arta da yaren da ta tashi da shi maimakon yaren ibadarsu, wai tana so ta san abin da take roƙo. Ta gaya mini a garinsu akwai wani ɗakin ibada da maza da mata ke zama tare, malaminsu yana koya musu cewa doka tana tafiya da masu rai, kamar rigar yaro da ake sakin ɗinkinta in ya girma. Mijinta kuma yakan ce in kowa ya saki ɗinki yadda ya ga dama, wata rana babu rigar. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Shi ma yaƙi ya cinye danginsa, dokar nan ce kaɗai abin da ya fito da shi daga gidan ubansa.

Wata shekara da kaka na lura Hannatu ta yi sanyi, ba wasa, ba tsokana. Na matsa mata har ta faɗa. Ranar mutuwar mahaifinta ce ta kusa zagayowa. A al'adarsu akwai addu'ar da ɗa ke tsayawa ya karanta kowace shekara, kuma sai an tara mutum goma. 'Yan'uwanta maza duk sun mutu a yaƙin, ita kaɗai ta rage. Mijinta ya ce addu'ar ta maza ce, goman ma maza ake nufi, kuma Yahudawa, ina za a same su a Kalgo? Shekara da shekaru ke nan ba wanda ya ambaci sunan tsohon a gaban jama'a.

Na tambaye ta ko mu za mu cika lissafin. Ba ta yaudare ni ba. Ta ce ko a wurin masu sassauci irinta, mata dai suke neman a ƙirga, ba mutanen wani addini ba. Amma ta ce abin da ta fahimta shi ne, an sa goman ne don kada mai baƙin ciki ya tsaya shi kaɗai, kuma ita ta gaji da tsayuwa ita kaɗai.

Hankalina bai kwanta ba, don ina tsoron in taka abin da zai taɓa mini addini. Na shirya na tafi Gwandu wurin mahaifina, wanda ke da makarantar zaure. Ya saurare ni har na gama, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce:

“Maƙwabciyarki ta, kuma zama da mai baƙin ciki haƙƙin maƙwabtaka na. Ki tahi ki zamna. Amma kak ki ce amin ga abin da ba ki san ma'ana tai ba.”

Da wannan na dawo na shiga gida-gida. Na samu mata takwas, yawancinsu waɗanda Hannatu ta taɓa yi wa jinya. Abin da na ce musu kawai shi ne za mu yi wa Hannatu zaman makokin babanta. Nan na yi wauta, don ban faɗi yaushe ya mutu ba. Ranar da muka je, sai ga su da gumba da goro, tun daga bakin ƙofa wasu suka fara sharɓar kuka, suna ya haƙuri, ya muka ji da wannan rashi. Inno, wata Bafulatana mai tallan nono, ita ta tambayi ran da aka yi jana'iza. Da Hannatu ta ce ai an fi shekara goma, kuma ba a yi jana'iza ba, ba ta ma san inda aka zuba shi ba, sai Inno ta share hawayenta ta dube ni.

“Ke Balki, shekara goma, kinka sa muna ta kuka kamar jiya anka yi?”

Muka tuntsire da dariya, har Hannatu. Amma Inno ba ta daɗe tana dariyar ba. Ta gyara zama a tabarma, ta ce mutumin da ba a yi wa sutura ba ai makokinsa bai wuce ba. Hannatu ta miƙe ta rufe kanta, ta karanta addu'arta. Mu tara muna zaune, ba wadda ta ce amin. Da ta ambaci sunan babanta sai ta kasa ci gaba, Inno ta kama mata gefen riga har ta ƙarasa. Likita Yusufu yana cikin ɗaki ya rufe ƙofa, amma na ga tagar a buɗe take.

Sau biyu muka yi mata wannan zama. A shekara ta uku ciwon shawara ya kama ta, kafin a kai ta babban asibiti rai ya yi halinsa. Ta bar 'ya ɗaya, Maryamu, ko yaye ba a daɗe da yi mata ba. Washegarin binnewa Likita Yusufu ya yi sallama a zauren maigidana. Mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba, ya tsaya yana murza hularsa, ya ce don Allah ko matan nan za su sake zuwa. Muka je. Ya tsaya a bakin kabari ya karanta addu'ar nan da ya ce ba ta yiwuwa, mu tara, shi na goma. Da ya gama ya tsinci ɗan dutse ya ɗora a kan kabarin, ya ce haka suke yi, don duk wanda ya wuce ya san an zo. Kafin damina ya ɗauki 'yarsa suka bar ƙasar.

Tun daga nan kowace shekara nakan je in ɗora dutsena. Ba na yi mata addu'a irin tamu, don Baba ya ja mini wannan layi kuma ban tsallake ba. Tsayawa kawai nake yi in kira sunanta. An ce tsafi nake yi, an ce kuɗi Turawa suka binne a wurin, an ce mace da zuwa kabari ba kunya. Duk na ji, ban fasa ba.

Nakan tambayi kaina me Hannatu za ta ce da ta ga yau. Maryamu ta taɓa zuwa sau ɗaya, da furfura a kanta, ta nemo ni a Gwandu, inda na koma da zama. Ta ce a ɗakin ibadarsu yanzu ana ƙirga mata cikin goman, har ita ce ke jan addu'a wani lokaci. Na so a ce uwarta na nan ta yi wa Likita Yusufu gwalo. Sai dai Maryamu ta ƙara da cewa ɗanta ba ya zuwa ko kaɗan, kuma wasu ranakun da matan da mazan ma goma ba ta cika. Ashe abin da ubanta ya ji tsoro shi ma bai yi ƙarya ba. Har yau ban san wa ya fi gaskiya tsakanin su biyun ba, kuma ina jin ita ma Maryamu ba ta sani ba.

A nan gida kuma, sunan Bayahude ya zama abin zagi a bakin yara. Ina jin rediyo kamar kowa, kuma ranar da aka ce bam ya faɗa kan yaran Falasɗinu ba na iya cin abinci. Na tabbata Hannatu, wadda ta san ciwon rasa dangi, da ta fi ni kuka. Amma wa zan yi wa wannan bayani a tashar mota? Ɗana Bashar, wanda ya saba kai ni, bana ya ƙi.

“Inna, zamanin ga ba irin naku ba na. In anka gane ki nan, mi za mu ce ma mutane?”

Ban yi fushi da shi ba, tsoro yake ji, kuma ni ma ina ji. Mahaifina malami ne, ya auna abin ya ba ni hanya. Yanzu ban san malamin da zan tura jikata wurinsa da irin wannan tambaya ba tare da gabana ya faɗi ba.

Cikin mu tara, ni da Inno muka rage, ita kuma ta makance, tana rugar 'ya'yanta wajen Dalijan. Don haka ni kaɗai na shiga motar haya, daga tasha na hau kabu-kabu. Na tarar an yanka filaye a tsohon gidan likitan shanu, ana ta buga bulo. Tsamiyar tana nan, amma tarin duwatsuna babu. Wani lebura ya ce ai tsakuwa suka gani a tare, suka kwashe suka zuba a kwaɓin siminti. Bai san komai ba, ba zan kama shi da laifi ba. Na nemi mai filin na yi masa bayani. Mutumin kirki ne, ya ce in Allah ya yarda zai ja katangarsa ya bar gindin tsamiyar a waje. Na gode masa, amma na ga yadda yake auna wurin da ido.

Idan aka tambaye ni abin da ya rage na Hannatu, ba zan ce ɗakin ibada na can ba, don ban gan shi ba. Abin da na sani shi ne ta nuna wa mata tara a Kalgo cewa za su iya zama da mutum cikin baƙin cikinsa, shi da addininsa, su da nasu, ba wanda ya rage wa wani komai. Wannan kam ban ga wanda na bar wa gadonsa ba, kuma shi ke hana ni sukuni.

Na tsaya gindin tsamiya na kira sunanta, leburori suna kallona. Na sunkuya da ƙyar na tsinci dutse na ajiye. Har na juya zan tafi sai na dawo na ƙara ɗaya, na baɗi, don ban san ko akwai mai zuwa ba.