Buhunan da Aka Rubuta wa Dogo

Shekara ashirin da shida Mai Sukari ta yi a shagonta na bakin kasuwa, mai ƙofar ƙarfen nan da ba ta rufuwa sai an sa mata gwiwa. Da shi ta raini 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta. Gidajen burodi uku a wurinta suke ɗaukar sukari, kuma su ne ƙashin bayan shagon.

Da kamfanin da ke kawo musu kaya ya ce daga yau oda sai ta waya, ba ta ɗauki abin da zafi ba. Idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, sai ta leƙa wurin maƙwabcinta Dogo, wanda a lokacin buhu biyar ma sai ya yi wata yana gadinsu.

"Dogo, sa min arba'in a cikin naka. Ai mota ɗaya ce."

"An gama, Mama."

Haka aka yi shekara uku, kowane mako. Sai sukari ya yi wuya a gari. Motar ta zo ta sauke buhu arba'in da biyar a ƙofar Dogo, shi kuwa ya tsaya yana sosa ƙeya, wai wannan karon da sunansa aka ba shi, babu nata a ciki. A ranar 'yarta ta yi mata rajista da kamfanin a tata wayar. Buhu biyu aka yarda a ba ta, su ma a farashin da ya fi na Dogo tsada.

Ta ɗauki jaka ta nufi ofishin kamfanin tana huci. Ma'aikaciyar da ta tarar ta juyo mata da fuskar kwamfuta, kamar hakan zai sa ta gani.

"Mama, ba mu ke rabawa ba, ita ce. Tana duba abin da kowane shago ya saya da yawan zuwansa, sannan ta yanka masa kaso da farashi. Ke sabuwa ce a wurinta."

"Sabuwa? Ina sayen sukarinku tun ba a yaye ki ba. Kira min direbobinku, wane ne bai sha ruwa a shagona ba?"

"Ba ta tambayar direba, Mama."

Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan: ba wanda za ta kama wa riga. Yarinyar ba ta yi mata rashin kunya ba, shi ma Dogo ba ƙarya ya yi ba.

Masu burodi ba sa jira, tanda ba ta san uzuri ba. Don kada su tafi, washegari ta taka da ƙafarta ta sayi buhu talatin a hannun Dogo, da ribarsa a kai. Tana tsaye ana loda su ya ciro waya ya ƙara oda, kwamfutar kuma ta sake rubuta masa cinikinta.