Sabulun Inna a Tankin Mota

Inna ba ta kiran sunan Yaya. 'Yar fari ce, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In tana nemanta sai ta ce "ke waccan", ko ta aike ni in kira ta. Ko da Yaya ta dawo gida goyon ciki, a wata damina cikin shekarun farko na Shari'a, Inna yi ta yi kamar ba ta ga cikin ba. Abin yana ba ni haushi, amma wa ya isa ya yi magana.

Naƙuda ta zo da gardama. Ungozoma ta yi iya yinta, da hantsi ya yi ta ce a tafi asibitin Daura kada a rasa su duka biyu. Mijin Yaya ya kai shanu kudu, don haka tafiyar ta faɗo kaina. Ƙauyenmu yana can bayan garin Babban Mutum, hanyar duk yashi ce da kwazazzabai, ba motar da ke shigowa sai ta wani direba mai jigilar hatsi zuwa bakin iyaka. Tsohuwar motar daji ce mai ja da ƙafa huɗu, ko'ina a jikinta walda. A lokacin ya rataya labule a tsakiya, maza gaba, mata baya. Na zauna kusa da shi, Inna da Yaya suna bayan labulen. Ba na ganin su, nishin Yaya kawai nake ji, da shi nake auna halin da take ciki.

Ba mu yi nisa ba muka hau wani kututture da ciyawa ta rufe. Na ji ƙara a ƙasa, sai warin fetur ya cika motar. Direba ya tsaya ya leƙa, ya ɗago yana salati.

"Tanki ya tsage, malam. Kuma man da ma iya wanda zai kai mu kwalta ne."

Na durƙusa na ga man yana ɗiga, yashi na shanye shi nan take. Direba ya laluba ƙarƙashin kujera ya fito da wani guntun sabulun wanki, ya kwanta ya shiga goga shi a kan tsagar.

"Wanki za ka yi mana, mace na naƙuda?" na ce masa a fusace.

"Fetur ba ya cin sabulu," in ji shi, ko kallona bai yi ba. "Ruwa ke cin sa. Ka yi addu'a kada mu taras da ruwa."

Ya dunƙule ragowar ya toshe, ya ɗaure da robar tsohon tub na taya. Ɗigar ta tsaya. Muka ci gaba, idona na kan allurar mai, kunnena na bayan labule.

Addu'ar tawa ba ta hana mu taras da ruwa ba. An kwana biyu ana sheƙawa, fadamar da ke gabanmu ta cika, kuma ba zagaye. Direba ya yi bisimilla ya kutsa, ruwa har ƙofa. Muna haurawa warin ya dawo, fiye da na farko. Sabulun ya wanke tas, robar na reto, man yanzu zuba yake yi siriri. Direba ya tara kwanon shan ruwansa a ƙasa. Muka cusa tsumma, ya jiƙe ya ci gaba da tsiyaya. Na danna babban yatsana a kan tsagar, man na bin hannuna har hammata, amma mota ba ta tafiya da mutum a ƙarƙashinta. Ko'ina ka duba gero ne, ba gida ba mahaluƙi.

Direba ya ɗaga murya ta wajen labule. "Inna, ko akwai sabulu a kayanku? Ko ɗan yaya ne."

Na san Inna ta fito da wani ƙulli ta zauna a kansa, kuma na san ba za ta kwance shi a gaban baƙo ba. Na ji kamar in fashe.

Sai na lura nishin Yaya ya ɗauke. Na kasa kunne, ba komai sai ƙarar mai a kwano. Na kasa tashi in ɗaga labulen don tsoron abin da zan gani.

Daga nan kwance na ji muryar Inna. Ta kira sunan Yaya, sunanta na yanka, da ƙarfi. Ba amsa. Ta sake kira. Can na ji Yaya ta ce, "Na'am, Inna."

Aka yaye labule. Inna ta kwance ƙullin a gaban kowa: 'yan riguna ne na jariri da ta ɗinka a ɓoye, da tsummokara wankakku, da curin sabulun salo da ta tanada don wankan jika. Ta miƙa wa direba curin gaba ɗaya.

"Ungo, ɗan nan. Liƙe duka, kada ka rage."

Sabulun salo yana da danƙo, ya kama fiye da na farko. Muka mayar da man kwano cikin tanki. Duk inda muka hango kududdufi sai in sauka in taka in nuna wa direba tudu. Da haka muka hau kwalta, muka samu mai sayar da mai a galan, muka shiga Daura. An yi wa Yaya aiki, aka ciro 'ya mace da ranta.

Kafin suna Inna ta koma "ke waccan", kuma ba ta sake kiran sunan ba har ta bar duniya.

Ranar da aka share makokinta muna zaune da Yaya a ɗakin, na tuna mata tafiyar. Na ce shirun da ta yi a fadama ya kusa kashe ni. Ta daɗe tana kallon gadon Inna.

"Ai na ji kiran farko," ta ce. "Shiru na yi don ta sake."